Fagon, Likitan Sarki Luwi na 14 da Ba Wanda Ya Isa Ya Musa Masa

Ƙarfe takwas na safe ake tashin Sarki Luwi na 14 na Faransa daga barci. Baran da ya kwana a ɗakin shi ke fara matsowa bakin gado ya yi magana. Kafin 'ya'yan sarki su shigo gaisuwa, kafin wani waziri ko limamin fada ya sa ƙafa, akwai waɗanda ke da izinin shiga: babban likita, babban mai fiɗa, da tsohuwar da ta shayar da sarkin yana jariri, lokacin da take raye. Su ne ke ganin mutumin da Turai duka ke shakka ba hular gashi, ba alkyabba, sharkaf da gumin dare. A goge masa jiki, a sauya masa riga, likita ya kama jijiyar hannunsa, ya duba harshe, ya leƙa abin da aka bari cikin fo.

Daga 1693 har ranar da sarkin ya cika a 1715, mutum ɗaya ne ke riƙe da wannan muƙami na babban likita a fadar Versailles, sunansa Guy-Crescent Fagon. Da a fadar Hausa ne, da sarkin likitoci za a ce da shi. Waɗanda suka zauna da shi sun bar mana kamanninsa, kuma ba su yi masa kara ba: ramamme ne mai doro, fuka ta hana shi sakat, ga farfaɗiya tana taɓa shi, yana tafe yana dogara sanda. Matar ƙanen sarki, wata Bajamushiya mai kaifin alƙalami, ta sha yi masa ba'a a wasiƙun da take aika wa danginta. Duk da haka mai wannan jiki shi ke faɗa wa sarki abin da zai ci da abin da zai sha, kuma sarki ya ji.

Abin da ke ɗaure kai a tarihin Fagon shi ne, mutumin ba jahili ba ne. Har masu ƙinsa sun yarda da wuya a sami wanda ya kai shi ilimin magani da na tsirrai a Faransa ta zamaninsa. To yaya aka yi irin wannan mutum ya shafe mako biyu yana kallon ƙafar sarki tana ruɓewa, yana cewa ciwon jijiya ne? Ba za a gane amsar ba sai an koma inda ya fito, an kuma ga abin da kujera ta mayar da shi.

A cikin lambu aka haife shi, ranar 11 ga Mayu 1638, wata huɗu kafin haihuwar sarkin da zai yi wa jinya. Lambun sarki ne na tsirran magani da ke birnin Faris, wanda baffan mahaifiyarsa, Guy de La Brosse, likitan Sarki Luwi na 13, ya yi ta fafutuka har aka ba da umarnin kafa shi a 1635. Wannan lambu ƙaya ne a maƙogwaron Tsangayar Likitanci ta Jami'ar Faris. A tsangaya da Latin ake karatu, daga littattafan magabata, kuma ita kaɗai ke da ikon cewa wane likita ne a birnin. A lambu kuwa kyauta ake koyarwa, da Faransanci, kowa ya zo ya zauna, ana nuna ganye da saiwa a hannu, ana kuma koyar da haɗa magunguna na sinadari, abin da dattawan tsangaya ke ɗauka aikin 'yan damfara.

Ilimin da tsangaya ke karewa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa buɗe littattafan ɗibbu na Larabci, domin tushensu ɗaya, wato Jalinusu, shahararren likitan zamanin da, da magabatansa na Girka. A wannan fahimta jikin ɗan Adam ruwa huɗu ke riƙe da shi: jini, majina, ɗacin rawaya da baƙin ɗaci. Kowanne da ɗabi'arsa ta zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. Lafiya ita ce su daidaita, cuta kuwa ɗaya ne ya yi yawa ko ya lalace. Idan ka yarda da wannan, to maganin ya fito da kansa: a fitar da abin da ya yi yawa. A tsaga jijiya a zubar da jini, a ba da maganin wankin ciki, a ɗura ruwan magani ta dubura, a sa amai, a sa gumi. Likitan da ya zubar da jinin mai zazzaɓi sau biyar ba mugunta yake yi ba, abin da aka koya masa yake bi sau da ƙafa, kuma idan majinyacin ya mutu sai a ce an makara wajen tsagar.

A 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya nuna cewa jini zagaye yake yi, zuciya na harba shi ya kewaya jiki ya dawo. Dattawan Faris suka ce ba su san zance ba. Manyansu irin su Jean Riolan da Guy Patin sun yi shekaru suna yaƙar wannan ra'ayi. A cikin wannan yanayi ne matashi Fagon, yana ɗalibi a tsangayar, ya tashi gaban malamansa ya kare zagayen jini a muhawarar neman digiri. Aka saurare shi kamar yadda ake sauraron yaro mai wayo yana kare abin da ba zai yiwu ba, aka yaba masa iya magana, aka ba shi digirinsa a 1664. Sai bayan shekaru sarki da kansa ya sa baki, ya naɗa mai fiɗa Pierre Dionis ya riƙa koyar da tsarin jiki bisa zagayen jini, kuma a lambu aka yi darasin, ba a tsangaya ba.

Sabon likita bai buɗe wurin duba masu kuɗi ba. Ya ɗauki jaka ya shiga duwatsun Auvergne da Provence da Languedoc, ya hau tsaunukan Alps da Pyrénées, da kuɗin aljihunsa, yana tono tsirrai yana aikowa lambu, wanda a lokacin ya soma lalacewa. Da aka buga kundin tsirran lambun a 1665, kusan iri 4,000, da hannunsa dumu-dumu a ciki. Daga nan ya zama malamin tsirrai da na haɗa magunguna a wurin. Ni a ganina nan ne ainihin gidan Fagon, kuma da an bar shi a nan da ba wanda zai tuna shi sai da alheri.

Ta ƙofar mata ya shiga fada. Sarki na da 'ya'ya da farkarsa, Madam Montespan, kuma an damƙa renonsu a hannun wata bazawara mai natsuwa da son addini, wadda daga baya aka sani da Madam Maintenon. Babban cikin yaran gurgu ne, ƙafarsa ɗaya ta shanye, mai renon kuwa tana ji da shi kamar ita ta haife shi. Fagon ne ke duba yaran, har da batun kai gurgun wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Barèges can cikin tsaunukan kudu. Amincin da ya ƙullu tsakanin likita da mai reno a bakin gadon yaro marar lafiya shi ne jarin da Fagon ya ci har ƙarshen rayuwarsa, domin tauraruwar Montespan ta dushe, ta Maintenon ta haska. A 1680 aka naɗa shi likitan matar yarima mai jiran gado, ba a jima ba ya zama likitan sarauniya Marie-Thérèse.

Sarauniyar a hannunsa ta rasu. A ƙarshen Yuli 1683 maruru ya fito mata a hammata, zazzaɓi ya rufe ta. Aka tsaga jijiya, aka ɗura mata maganin amai, ranar 30 ga wata ta cika tana da shekara 44. Bajamushiyar nan ta ɗora laifin kacokan a kan Fagon. Maganar ba ta taɓa shi ba. Sarki ya auri Maintenon a asirce, likitan amarya kuwa ya ƙara matsowa kusa da gadon sarauta.

A nan sai an ɗan tsaya an fahimci yadda aikin lafiya ya kasu a Faransa ta wancan ƙarni, domin rabon nan ne zai yi aiki a ƙarshen labari. Likita malami ne. Ya yi jami'a, yana jin Latin, yana sa doguwar riga, aikinsa ya duba ya yi tunani ya ba da umarni. Ba ya riƙe wuƙa, abin kunya ne gare shi. Mai riƙe wuƙa shi ne mai fiɗa, kuma a dokar lokacin ƙungiyarsu ɗaya da masu aski. Wanzamai ne, a taƙaice, irin yadda muka san wanzami da aski da ƙaho da tsaga da cire beli: shi ke tsaga jijiya, ya fasa maruru, ya ɗaure karaya, ya yanke gaɓa. Na uku shi ne mai haɗa magani. Wanda ya fi kowa taɓa jikin majinyaci, ya fi kowa ganin ciwo ido da ido, shi ne a ƙasa, kuma ba ya motsi sai likita ya ce.

Jikin sarki da kansa ya soma girgiza wannan tsari. A 1685 wajen cire masa haƙoran sama na hagu aka fasa masa ganda, har in ya sha ruwa ya riƙa fitowa ta hanci, sai da aka ƙona ramin da jan ƙarfe sau 14 kafin ya rufe. A shekarar da ta biyo baya ƙurji ya fito masa a dubura, ya huda ya zama yoyo. Likitoci suka gwada man shafawa da ruwan maɓuɓɓuga iri-iri, abu ya ƙi. Aka koma ga babban mai fiɗa, Charles-François Félix. Shi kuwa bai taɓa yin irin aikin ba, don haka ya yi watanni yana gwada hannunsa a kan talakawa masu irin ciwon, ya kuma ƙera wata lanƙwasasshiyar wuƙa ta musamman. Da safiyar 18 ga Nuwamba 1686 ya yanka sarki, ba maganin barci, domin babu irin na fiɗa a duniya tukuna. Fagon na tsaye a ɗakin yana kallo. Sarki ya warke, Félix ya samu dukiya da gandu, masu fiɗa suka ɗaga kai a karon farko.

Babban likita a lokacin shi ne Antoine d'Aquin, mutumin Montespan. Kwaɗayi ya kayar da shi. Kullum da roƙonsa gaban sarki, yau muƙami ga ɗa, gobe ga ɗan'uwa, har ya kai ga nema wa ɗansa kujerar babban limamin birnin Tours. A farkon Nuwamba 1693 aka wayi gari an aiko masa ya tattara ya bar fada, aka naɗa Fagon. Kowa ya san hannun wa ke ciki.

Sabon babban likita ya fara da abin da ya ba mutane mamaki: ya rage wa kansa kuɗin shiga. Al'ada ce duk wanda aka naɗa malamin likitanci a jami'a ko mai kula da wata maɓuɓɓugar ruwan magani ya kawo wa babban likita wani abu. Fagon ya yafe. Ba a taɓa kama shi da son abin duniya ba, kuma muƙaminsa ma ba irin wanda ake saya a gadar wa ɗa ba ne kamar yawancin sarautun fadar, rai ɗaya gare shi da sarki, ranar da sarki ya mutu ya ƙare. Amma abin da bai nema a kuɗi ba ya same shi ninki a iko. Shi ke kan duk likitocin gidan sarauta, shi ke kula da ruwan magani na ƙasa duka, lambu ya dawo hannunsa, a 1699 ya shiga Majalisar Masana Kimiyya. Kuma da yake shi ɗan tsangayar Faris ne, ya tsaya mata: a 1694 aka rushe ƙungiyar da likitocin da suka yi karatu a jami'o'in larduna suka kafa don su sami damar aiki a birnin. Yaron da ya tsaya gaban dattawa ya musa musu ya zama dattijon da ke tsare ƙofa. Saint-Simon, basaraken da ya zauna a fadar ya kuma rubuta abin da ya gani, yana girmama iliminsa ƙwarai, amma ya shaida cewa duk maganin da bai bi ta hannun tsangaya ba damfara ne a wurin Fagon, kuma sauran likitoci rawar jiki suke a gabansa.

Muna da hanyar leƙa aikinsa na yau da kullum, domin manyan likitocin sarkin su uku, Vallot da d'Aquin da Fagon, sun riƙa rubuta kundin lafiyarsa daga 1647 zuwa 1711. Da wuya a sami wani mutum na wancan zamani da aka bi cikinsa da rubutu haka: ranar da ya yi jiri, ranar da aka ba shi maganin wankin ciki, sau nawa ya zaga, da kalar abin da ya fita. Babban abokin faɗan Fagon shi ne cin sarki. Bajamushiyar ta ce ta sha ganinsa a zama ɗaya ya shanye faranti huɗu na romo, ya cinye tsuntsun daji mai girman zabo sukutum, ya ɗora makwarwa, da kwanon ganye, da naman rago mai tafarnuwa, da kayan zaƙi, ya rufe da dafaffen ƙwai. Likita ya yi ta mita a kundi. A 1694 ya yi nasarar raba shi da giyar Champagne ya mayar da shi tsohuwar giyar Bourgogne da aka sirka da ruwa, saboda ciwon gaɓɓai, abin da ya tayar da cacar baki ta shekaru tsakanin manoman inabi na yankunan biyu.

Ba ko'ina ya tsaya kan tsohon ilimi ba. Taba ya tsane ta tun kafin duniya ta gane illarta, har a 1699 ya sa aka yi muhawara a tsangaya kan ko yawan shan ta na gajarta rai. Ana ba da labarin cewa ranar bai samu zuwa ba, wanda ya wakilce shi kuwa ya yi ta shaƙar garin taba daga farkon zaman har ƙarshe. Ya kuma tsaya wa ɓawon itacen kinkina da ake kawowa daga Peru. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Talbor, ya warkar da yarima daga zazzaɓi da wani haɗi na sirri, sarki ya sayi sirrin, aka bayyana shi a 1682 bayan mutuwar mai shi, ashe ɓawon nan ne a jiƙe cikin giya. Dattawa sun ƙi shi saboda dalilin da a wurinsu mai ƙarfi ne: yana sauke zazzaɓi ba tare da ya fitar da komai daga jiki ba, to ina gurɓataccen ruwan ya tafi? Fagon, mutumin tsirrai, ya ga yana aiki, ya ba sarki. Daga wannan ɓawo ne wasu masana biyu a Faris suka tace kwinin a 1820, kwinin ɗin da William Baikie, wani likita ɗan Birtaniya, ya riƙa ba mutanensa a 1854 har jirginsu ya hau Kwara da Binuwai ya dawo ba Bature ko ɗaya da zazzaɓin cizon sauro ya kashe. Abin da ya biyo bayan wannan a ƙasarmu kowa ya sani.

A lambu ma idonsa na gane mutum. Shi ya jawo Joseph Pitton de Tournefort, wanda ya tsara rabe-raben tsirrai da Turai ta yi amfani da shi kafin zuwan na Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Sweden, ya kuma sa sarki ya tura shi Girka da ƙasar Turkawa daga 1700 zuwa 1702. Ya goya wa Charles Plumier baya zuwa tsibiran Amurka, Louis Feuillée zuwa Peru da Chile. Wani matashin likita, Augustin Lippi, an tura shi tare da jakadan da zai je Habasha, aka kashe su a Sennar, cikin Sudan ta yau, a 1705. Bayan rasuwar Tournefort a 1708 Fagon ya ɗauko wani saurayi, Antoine de Jussieu, wanda danginsa suka riƙe ilimin tsirrai a Faransa fiye da shekara ɗari. Abin lura shi ne, a lambu yana neman masu kawo sabon abu, yana biyan kuɗi a je ƙarshen duniya a zo masa da abin da bai sani ba. A bakin gadon sarki kuwa ba ya son jin bakin kowa.

An ce wanzami ba ya son jarfa, amma da tsakuwa ta toshe masa mafitsara a 1701, dole ya kwanta aka yanka shi. Wanda ya yi aikin shi ne Georges Mareschal, ya kuma yi shi da kyau. Fagon bai manta ba: da Félix ya rasu a 1703, Mareschal ya zama babban mai fiɗa na sarki. A riƙe sunan nan.

Sai mutuwa ta shigo gidan. A Afrilu 1711 agana ta kashe yarima mai jiran gado. A Fabrairu 1712 wata cuta mai ƙuraje, wadda galibi ake cewa ƙyanda ce, ta kama matar babban jikan sarki, Marie-Adélaïde, 'yar lelen tsohon. Aka tsaga, aka ba da maganin amai, ta rasu ranar 12 ga wata tana da shekara 26. Mijinta ya bi ta ranar 18. 'Ya'yansu biyu maza suka kamu. Likitoci suka taru a kan babban, ɗan shekara 5, suka zubar masa da jini, ya rasu ranar 8 ga Maris. Mai renon ƙaramin, Madam Ventadour, da ta ga haka sai ta ɗauke ɗan shekara 2, ta shige ɗaki da matan da ke taya ta, ta hana likita ko ɗaya ya taɓa shi. Ɗumi ta ba shi da nonon mai shayarwa. Shi ne ya rayu, shi ne Luwi na 15, ya yi mulki har 1774.

Da aka buɗe gawarwakin, Fagon ya karkata ga cewa guba aka ba su. Mareschal ya ce bai ga alamar guba ba, cuta ce. Ba ƙaramar magana ba ce, domin zargin ya faɗa kan ɗan ƙanen sarki, mai sarautar Orléans, har jama'a suka riƙa zaginsa a titi. Ban ce Fagon ya ƙirƙiro zancen guba don ya wanke kansa ba. Amma mutumin da magada uku suka mutu a hannunsa cikin shekara guda, zancen guba ya fi masa sauƙin haɗiya a kan ya tambayi kansa ko tsagar ce ke ƙarasa su.

Tun farkon bazarar 1715 barorin ɗaki suka lura sarki na ramewa. Ba wanda ya iya buɗe baki. Mareschal ne ya yi ƙarfin hali ya je wurin Maintenon ya ce mata sarki na da zazzaɓi a ɓoye, kuma in aka tashi yanzu akwai abin yi. Ta fatattake shi, ta ce Fagon ya fi shi sani. Shi kuwa Fagon, ɗan shekara 77, kusan sa'an majinyacinsa, ya ci gaba da tsarin da ya saba: a lulluɓe sarki da tarin matasan gashin tsuntsu ya kwana yana gumi, a ba shi ɓaure da kankana masu sanyi kafin abinci.

Wajen 10 ga Agusta sarki ya koka da ciwo a ƙafar hagu. Fagon ya ce jijiyar cinya ce. Ranar 13 tsohon ya daure ya tsaya da ƙafafunsa ya sallami jakadan Farisa, daga nan sai a kujera ake ɗaukarsa. Aka kirawo likitoci daga Faris, suka duba, suka ce abin da babban likita ya faɗa shi ne. Wa zai ce ba haka ba? Aka ba shi nonon jaka, aka riƙa tsoma ƙafar cikin giya mai ɗumi da ganyaye. Ranar 24 da aka kwance ɗaurin aka ga baƙaƙen tabo. Naman ya mutu, ruɓa ta kama. Mareschal ya sa wuƙa ya tsaga har kusa da ƙashi, sarki bai ji zafin kirki ba. Aka yi zancen yanke ƙafar, amma ruɓar ta riga ta haura.

Adalci ya sa a faɗi cewa ko da an gane tun ranar farko, ba lalle a cece shi ba. Likitocin yau da suka bi bayanan suna ganin jijiyoyin jinin ƙafar ne suka toshe, wasu na zargin ciwon sukari. Yanke cinyar tsoho mai shekara 76, ba maganin barci, ba sanin ƙwayoyin cuta, kusan hukuncin kisa ne. Laifin da ya tabbata a kan Fagon shi ne na watannin da suka gabata, lokacin da mutumin da ya fi kowa sanin kamannin ruɓaɓɓen nama yake ɗakin, ya kuma yi magana, aka ƙi ji saboda shi mai wuƙa ne.

Duk wanda ya yi jinyar babba a gida ya san lokacin da ake daina tambayar waye mai magani, kowa ya kawo a karɓa. Ranar 28 wani baƙauye daga Provence mai suna Brun ya iso Versailles da kwalba, ya ce maganinsa na warkar da ruɓa. Irin mutumin da Fagon ya yi shekara 22 yana kora daga ƙofar fada. Aka shigo da shi. Da Fagon ya buɗe baki zai yi gardama, baƙauyen ya daka masa tsawa, tsohon da ya saba kowa na sunkuyar masa da kai ya dogara kan sandarsa ya yi tsit. Aka ɗiga maganin cikin giya aka ba sarki. Washegari ya ɗan farfaɗo har ya ci ɗan biskit, fadawan da suka riga suka koma yin cincirindo a ƙofar mai sarautar Orléans, wanda zai riƙe ƙasa, suka sulale suka dawo. Kwana ɗaya abin ya yi. Ranar Lahadi 1 ga Satumba 1715, da misalin takwas da kwata na safe, daidai lokacin da aka saba tashinsa, Luwi na 14 ya cika, saura kwana huɗu ya cika 77, bayan shekara 72 a kan gadon sarauta.

Muƙamin Fagon ya mutu tare da shi. Mareschal ya ci gaba da aiki a sabuwar fada, kuma a 1731 shi da wani mai fiɗa, La Peyronie, suka kafa majalisar masu fiɗa ta sarki, a 1743 doka ta raba su da masu aski. Fagon an bar masa lambu. Ya kwashe kayansa daga Versailles ya koma gidan da aka haife shi, kusa da ɗakin ɗumi inda ake renon ɗan itacen kofi da birnin Amsterdam ya aiko wa sarki kyauta a 1714. A nan ya rasu ranar 11 ga Maris 1718. Lambun na nan har yau a Faris, ana ce masa Jardin des Plantes. Tournefort ya riga ya raɗa wa wani tsiro sunan maigidansa, Fagonia, ɗan ƙaramin tsiro mai ƙaya da fure shuɗi-ja, wanda ke fitowa a ƙasa mai tsakuwa inda ruwa ya yi ƙaranci, har cikin hamadar Sahara.